Babi na Takwas: Wagga Wace Hanya Ta?

Gardamar maleji tsohuwa ce a tashar motar Gummi. Idan rana ta take, fasinja suka yi wuya, direbobi kan taru a inuwa kusa da mai shayi a yi ta cika baki. Wane ya taɓa kwantar da allurar Golf ɗinsa a 180, wane ya baro Gusau bayan la'asar ya yi magariba a ƙofar gidansa. Rabin zancen ƙarya ce, kowa ya sani, kuma ba mai fasa saurare.

Ran nan ina zaune ina jiran motar Anka ta cika, sai wani matashin ɗan kamasho ya kutso cikin taron da wayarsa a hannu. Ya nufi wani dattijon direba, irin waɗanda suka fara tuƙi tun zamanin Fijo 504, ya ɗan rusuna ya miƙa masa.

"Baba, ga wadda ta fi ku duka."

Muka leƙa. Wata baƙar aba ce doguwa, da manyan ramuka biyu a gabanta kamar hancin dorina, tana tsaga wani fili fari fat, ƙura ta miƙe a bayanta kamar katanga. Ta wuce shiru. Sai can aka ji dam, dam, sau biyu. Dattijon ya sa aka maimaita masa. Ya kawo wayar kusa da ido, ya nisanta ta, sa'an nan ya ce:

"Yaro, wagga wace hanya ta?"

"Haba Baba, motar za ka duba."

"Na ga mota. Hanyar nika tambaya. Ba rami, ba kwana, ba akuya, ba shingen kowa. Ba ni wagga hanya, ko da akwalar tawa sai kun ji labari."

Aka fashe da dariya, har da ni. Sai bayan da na zauna na bi tarihin abin daki-daki na gane cewa duk cikinmu tsohon nan ne ya yi tambayar masu sana'ar.

Motar da ke cikin wayar sunanta ThrustSSC, mutanen Ingila suka ƙera ta. Ranar 15 ga Oktoba, 1997, a hamadar Black Rock da ke jihar Nevada ta Amurka, wani matuƙin jirgin yaƙi mai suna Andy Green ya kora ta a gudun kilomita 1,228 cikin awa, kuma har yau babu motar da ta sake yin haka a bisa ƙasa. Adadi irin wannan ba ya zama a ka sai an ɓarje shi. A daƙiƙa ɗaya tana cin mita 341, tsawon filin ƙwallo uku da ɗoriya. Kafin ka yi sallama a amsa maka ta shafe kilomita guda. Tafiyar kilomita 100 ba ta cika mata minti biyar ba. Shirun da muka ji kafin ƙarar nan kuwa, motar ce ta riga amonta isowa, domin ta fi sauti gudu. Tana tura iska gabanta, iskar ta rasa lokacin kaucewa, ta dunƙule ta zama kamar bango, kuma wucewar bangon nan ta kan kunnenka shi ne tsawar. Mutanen ƙauyen Gerlach da ke bakin hamadar sun ji ta a jikin gidajensu. Man da take sha kananzir ne na jirgi, kimanin lita 18 a daƙiƙa. Jarkar lita 25 da 'yan bumburutu ke jerawa a bakin titi ba ta kai mata daƙiƙa ɗaya da rabi.

Sai dai kambun gudu ba a cin sa da fiffiƙa ɗaya. Hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, tana da ƙa'ida mai tsauri. Ana auna mil guda ko kilomita guda a tsakiyar fili, mota ta taho daga nesa da gudunta ta ratsa shi, ta tsaya, ta juyo, ta sake ratsa shi ta ɗaya ɓangaren, duka cikin awa ɗaya. Sai a haɗa tafiya da dawowa a raba biyu. Duk wanda ya taɓa hawa keke daga Anka ya nufi yamma da hunturu ya san dalili. Iska na tura ka kana jin kanka gwani, a dawowa kake sanin ƙafarka nawa ce.

Awa ɗayan nan ta sha kayar da mutane. Motar tsawonta mita 16 da rabi, nauyinta ya haura tan 10, kuma inda ta tsaya yana da nisan kilomitoci daga layin awo. Dole a juya ta, a zuba mai, a sake naɗe laimar birki, a duba ƙafafu, a ta da inji. Kwana biyu kafin ranar tarihin, wato 13 ga Oktoba, Green ya wuce sauti a tafiya, ya wuce shi a dawowa. Amma laima ta ƙi buɗewa a zuwan farko, motar ta zarce inda ma'aikata ke jiranta, aka makara da abin da bai cika minti ɗaya ba. Alƙalai suka ce ba a yi ba. Sai da aka sake.

Farkon wannan gasa zai ba mai karatu mamaki, don motar lantarki ce ta buɗe ta. A Disambar 1898, kusa da birnin Paris, wani Bafaranshe, Gaston de Chasseloup-Laubat, ya yi kilomita 63 a awa, gudun da ɗan kabu-kabu zai yi yau da buhu biyu a bayan Boksa. Wata huɗu bayan haka Camille Jenatzy ɗan Beljiyam ya haura 100, shi ma da batir. Daga baya fetur ya karɓe fage. Aka bar tituna aka koma bakin teku inda yashi ya daddale, daga baya aka koma filin gishiri na Bonneville a jihar Utah. A nan Malcolm Campbell ya yi kilomita 484 a 1935, John Cobb ya yi 634 a 1947. Sai abin ya cije. Shekara goma sha shida ba wanda ya motsa adadin Cobb.

Abin da ya tsayar da su kowane direba ya san ƙaninsa. Mota irin tamu da taya take tura ƙasa. Inji ya juya giya, giya ta juya taya, taya ta kama ƙasa ta ture ta baya. Idan ƙarfi ya fi abin da taya za ta iya kamawa, sai ta yi ta wulwulawa a wuri ɗaya, kamar yadda ake gani a laka da damina a hanyar ƙauyukan Bukkuyum. Ga kuma iska. Fitar da tafin hannu ta taga a gudun 50, ka sake fitarwa a 100. Turin da za ka ji ya ninka huɗu, ƙarfin injin da ake bukata don cin galabarsa kuwa ya ninka takwas. A wajen kilomita 600, taya tana roƙon ƙasa abin da ƙasa ba ta da shi.

Injin jet ya raba gardamar ta hanyar ƙyale taya gaba ɗaya. A shekarun nan na rashin kwanciyar hankali mutanen Anka da Bukkuyum sun san kukan jirgin yaƙi fiye da yadda suke so, amma kaɗan ne suka ga cikin abin da ke yin kukan. Bututu ne babba. A bakinsa akwai jerin farfela masu ɗaruruwan fukafukai, suna zuƙo iska suna matse ta, kowane layi ya ƙara matsa ta ya miƙa wa na bayansa. A tsakiya a fesa mata kananzir a cinna wuta. Iskar ta kumbura, ba ta da mafita sai baya, ta fita da ƙarfin tsiya, a kan hanyarta ta juya wata farfela da ke juya na gaban. Abin da ya fita baya shi ke tura bututun gaba. Maƙeri da ke zuga ya san yadda iska ke haukata wuta. To wannan zugazugi ne da ke zuga kansa. Ɗora shi a kan ƙafafu, ka ga ba ruwansa da kuloci ko giya. Taya ta koma kamar ta amalanke, ɗaukar kaya kawai ne aikinta.

Nan fa aka shiga gardamar malamai. Abin da ba ya tafiya da tayarsa, mota ne? A Agustan 1963 Craig Breedlove, wani matashi ɗan California da ya taɓa aikin kashe gobara, ya zo Bonneville da Spirit of America, wadda ya ɗora wa tsohon injin jirgin yaƙi, ya yi kilomita 655. FIA ta ce ba ta san zancen ba: ƙafa uku gare ta, kuma inji ba ya juya ko ɗaya. Hukumar babura ta duniya ta ce in dai ƙafa uku ce, tata ce, ta rubuta shi a littafinta. Na ɗan wani lokaci, abin hawa mai ƙafa da ya fi kowanne gudu a doron ƙasa a takarda ɗan'uwan Keke Napep ne. Sai a ƙarshen 1964 FIA ta sauko ta buɗe wa masu jet babinsu.

A cikin duk mutanen wannan tarihi, wanda na fi so shi ne Art Arfons, don na san irinsa. Na gan su a garejin bakin kasuwa, hannu baƙi ƙirin da baƙin mai, suna kasa kunne ga inji kamar likita da majinyaci. Mutumin Akron ne a jihar Ohio. Mahaifinsa yana da injin niƙan abincin dabbobi, a nan ya tashi cikin ƙura da bel da ƙarafa. Shi da wansa Walt suka fara haɗa motocin tsere da injinan tsofaffin jirage, suna shafa musu ragowar koren fentin tarakta, daga nan sunan Green Monster ya samo asali, wato Koren Dodo. Daga baya 'yan'uwan suka ɓata, suka daina magana da juna, alhali garejinsu na maƙwabtaka. Kowa ya ci gaba da ƙera tasa.

Arfons ya samu injin J79, irin na jirgin yaƙin F-104, a hannun mai sayar da tarkace, a kan dala ɗari shida da 'yan kai. An yar da shi ne don wani ƙarfe ya faɗa ciki ya lalata fukafukan farfela. Ya nemi littafin gyara daga kamfanin da ya ƙera injin, aka hana shi, domin a lokacin sirrin soja ne. Yadda shi da kansa ya riƙa ba da labari, har jami'i aka turo a karɓe injin, ya fito da rasiɗinsa ya nuna. Sai ya kwance shi ba littafi ba malami, ya zare fukafukan da suka lalace, ya daidaita nauyin sauran don kada ya yi rawa, ya mayar ya ɗaure. Da zai gwada, sai ya ɗaure abin da sarƙa a jikin itatuwa a bayan garejinsa ya ba shi wuta. Maƙwabta ba su gode masa ba. Ƙafafun gaba da kayan sitiyari daga tsofaffin motoci ya ciro su. Mazaunin direba kuwa a gefen injin ya manna shi, kamar wanda ya rungumi tanderu. An ce abin da ya kashe, ban da tayu da kamfanin Firestone ya ba shi, bai wuce dala dubu goma ba, alhali motar Breedlove, mai goyon bayan Shell da Goodyear, ta ci ninkin-ba-ninkin haka.

Duk sanda na tuna shi sai in tuna Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu a 2007 da injin Honda Civic da tarkacen motoci, har ya ɗan ɗaga daga ƙasa. Ƙwaƙwalwa iri ɗaya ce da taurin kai iri ɗaya. Bambancin, bolar Amurka bayan yaƙi cike take da injinan jirgi, kuma akwai kamfanonin taya biyu masu kishin juna da ke neman wanda za su zuba wa kuɗi. Ɗan gwangwan namu abin da ya fi samu tsohon janareto ne.

Watan Oktoban 1964 a Bonneville kamar dambe aka yi, mai kashe ka yana jiran nasa. Ranar 2 ga wata Tom Green ya yi kilomita 665 a motar Walt. Kwana uku kacal, Art ya ƙwace da 698, ya raba wansa da kambu. Ranar 13 Breedlove ya yi 754, ranar 15 ya ƙara zuwa 847. Ranar 27 Art ya dawo ya yi 863. Sau biyar kambu ya sauya cikin wata guda, bayan ya shekara goma sha shida a wuri ɗaya. Shekara ta zagayo suka koma, Breedlove 894, Arfons 927, sa'an nan ranar 15 ga Nuwamban 1965 Breedlove ya rufe da 966.

Ranar 15 ga Oktoban 1964 ɗin nan ta cancanci a tsaya a kanta. Breedlove ya ratsa layin awo a dawowa, kambu ya shiga hannu, ya saki laima. Igiya ta tsinke. Ya saki ta biyu, ita ma ta tafi. Ya taka birki, birkin da aka yi don ƙaramin gudu, ya ƙone nan take. Motar ta ci gaba da tafiya kilomitoci, ta bar filin da aka share, ta datse turakun wayar tarho, ta hau wani tudun ƙasa, ta tashi sama ta faɗa da ka cikin tafkin ruwan gishiri. Ya ɓalle murfi ya yi iyo ya fito. Waɗanda suka rugo ɗaukar gawa suka tarar da shi a gefe yana raha.

Wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fadar Sarkin Zamfara a Anka ranar hawan salla ya san inda gwaninta take a jahi. Kowane yaro mai ƙarfin hali zai iya sakar wa doki linzami. Mahayi shi ne wanda ya taho a sukwane, ƙura na bin sa, ya zame dokin cak a gaban sarki, ya ɗaga hannu ya yi jinjina. Masu motar jet sun koyi wannan da jininsu. Sama da kilomita 900, kashe inji ma kansa birki ne, don iska ta kan danne motar kamar an ja ta da igiya. Sai gudu ya ragu a saki laima, sai ya ƙara raguwa sosai a taɓa birkin ƙafa. Wanda ya gaggauta ɗaya ya rasa shi. Ba kowa ne ya yi sa'ar Breedlove ba. Athol Graham ya mutu a gishirin nan a 1960, Glenn Leasher a 1962. Arfons da kansa, a Nuwamban 1966, ƙafar gaba ta ƙwace masa a wajen kilomita 980, Koren Dodo ta yi ta tsalle tana wargajewa, aka zaro shi da rai, gishiri cike da ido. Daga baya ya koma gasar jan kaya da tarakta, ita ma da injin jirgi a kai. Hali zanen dutse.

Yanzu mu koma ga tambayar tsohon direba.

Inji, kamar yadda muka gani, a bola ma ana samu. Filin da za a sake shi ne babu. Ana bukatar shimfiɗa mai tsawon kusan kilomita 20, miƙaƙƙiya, ba tudu ba gangare, mai tauri yadda ƙafa ba za ta nutse ba, mai ɗan laushi yadda za ta kama. Babu kwaltar da ta cika wannan a duniya. Mutum zai ce ga Sahara a bayanmu, fili iya ganinka. Yashi ba ya yi, cin ƙafa yake. Abin da ake nema shi ne ƙasan tsohon tafki, inda ruwa kan kwanta 'yan makonni ya lallashe laka, ya ƙafe, ya bar ta sumul. Mu a nan da faƙo muka san shi, sai dai namu ba ya wuce wurin shanya ko sussuka. Ruwa ne kafintan irin wannan fili, kuma shi ne mai ɓata shi. Donald Campbell, ɗan Malcolm, ya kwashi kaya zuwa tafkin Eyre na Ostareliya a 1963 don an shekara da shekaru ba a ga ruwa a can ba. Yana sauka sama ta ɓalle, fili ya zama gulbi, sai baɗi ya samu ya yi 648. Richard Noble ya kai motarsa Thrust2 Bonneville a 1981, ruwa ya kore shi. Ya koma a 1982, ya tarar da ambaliya. Neman mafita ne ya kai shi Black Rock, inda ya yi kilomita 1,019 a 1983, ya karɓe kambu daga Gary Gabelich wanda ya riƙe shi tun 1970 da motar roka. Shi Noble ɗin ne ya jagoranci aikin ThrustSSC, kuma da suka kai ta gwaji hamadar al-Jafr ta ƙasar Jodan a 1996, ruwa ne ya sake tashin su.

Ita ma taya sai da aka sake ta. Roba ba ta jure irin wannan juyi, tayun Arfons sun sha fashewa yana tsakar gudu. Daga Thrust2 zuwa yau ƙafafun dunƙulen alminiyon ne zalla, ba roba ba iska. A kan gishiri santsi suke yi, a kan busasshiyar laka kuwa sukan ɗan tsaga ƙasa su kama. Shi ya sa manyan motocin suka bar Bonneville, wanda dama gishirinsa ke ta sirancewa.

Da ƙafar ƙarfe da inji mai zuƙar iska, babban abokin gaba ya zama tsakuwa. Dutse kamar ƙwallon goruba, in ƙafa ta taka shi a wannan gudun, harsashi ne. In inji ya haɗiye shi, fukafukan farfela sun tafi. A Agustan 2019, a hamadar Alvord ta jihar Oregon, Jessi Combs tana neman kambun mata a wata mota da aka ƙera da gangar jikin jirgin F-104. Ƙafar gaba ta karye, binciken da aka yi ya nuna alamar wani abu ta taka a filin, ta mutu nan take. Bayan rasuwarta aka tabbatar mata da kilomita 841.

Wannan ya kawo mu Afirka. Tun 1929 Malcolm Campbell ya gwada wani busasshen tafki a Afirka ta Kudu mai suna Verneuk Pan, aka sa leburori suka yi ta share masa duwatsu, bai samu abin da ya je nema ba. Shekara tamanin bayan haka Noble da Andy Green suka dawo da sabon buri, mota mai suna Bloodhound, da injin jirgin yaƙin Typhoon da kuma roka, wadda suke fatan ta yi mil 1,000, wato kilomita 1,609 a awa. Suka duba tafkuna a faɗin duniya ta hotunan tauraron ɗan'adam, suka tsaya a kan Hakskeen Pan, can arewa maso yammacin Afirka ta Kudu, kusa da iyakar Namibiya. Shimfiɗar ta yi, tsawon ya yi. Aibinta ɗaya, duwatsu ne birjik a kanta. Ba a iya sa katafila, don za ta farfasa ɓawon lakar da ake so. Sai hannu.

Gwamnatin lardin Northern Cape ta ɗauki mutum fiye da 300 daga al'ummar Mier, talakawan bakin hamadar Kalahari. Suka jeru kafaɗa da kafaɗa, suna tafe suna duƙawa, suna tsinta, a rana mai narka mutum, shekara bayan shekara. Abin da suka kwashe ya kai tan 16,000. Tirelar siminti mai buhu 600 tan 30 take ɗauka, ka ga lodin tirela fiye da 530 ke nan, dutse ɗaya-ɗaya, da yatsu.

Da na karanta wannan sai jikina ya yi sanyi, don mun san irin aikin. A 2010, da gubar dalma ta dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, su Dareta da Abare da 'Yar Galma, maganin da ya rage bayan na asibiti shi ne a kankare ƙasa. Mutanen gari ne suka shiga gida-gida da fartanya da shebur da baro, suka kankare saman tsakar gida da ɗaki da lungu, suka kwashe a buhuna, aka zubo sabuwa mai tsabta. Bagega sai a 2013 aka yi nata. Su a can sun duƙa don mutum ɗaya ya wuce na 'yan daƙiƙu, mu a nan don yara su yi rarrafe ba su mutu ba. Ba na cewa nasu aikin banza ne. An biya su, kuma a wurin da aiki ke wuya wannan ba ƙaramin abu ba ne. Abin da ke tsaya mini shi ne littafin tarihin gasar sunan direba yake riƙewa, wani lokaci da na mai zanen mota. Green, in za a yi masa adalci, bai gaji da ambaton mutanen Mier ba duk inda ya yi magana.

A Nuwamban 2019 Bloodhound ta hau filin nasu. Da injin jet kaɗai, ba roka, ta yi kilomita 1,010. Daga nan kuɗi suka ƙare. Dama a 2018 kamfanin ya durƙushe, wani ɗan kasuwa mai suna Ian Warhurst ya saye shi ya kai su wannan gwajin. Sai annobar korona ta zo, masu ɗaukar nauyi suka ja baya. Aka kai motar gidan tarihin sufuri na birnin Coventry, inda Thrust2 da ThrustSSC suke ajiye. Filin yana can, ruwa na zuwa yana lallashe shi, yana ƙafewa.

Ranar da na faɗa, motarmu ba ta cika ba sai bayan azahar, kuma ashe layin dattijon ne. Mu huɗu a baya, biyu a gaba, but a ɗaure da igiya saboda buhunan da suka hana shi rufuwa. Bayan mun wuce Daki Takwas muka shiga wani yanki da damina ta cinye kwalta, ya riƙa bin gefe yana komawa tsakiya, yana zaɓar ramin da ya fi sauƙi. Can gaba wasu yara uku suna tsaye da shebur ɗaya da tsohon kwano, sun ciko wani rami da jar ƙasa suna daddalewa da ƙafa. Da suka hango mu suka ɗaga hannu suna jinjina.

"A gaishe da Baba! Allah shi kiyaye hanya!"

Ya rage gudu har allura ta kusa kwanciya, ya laluba aljihun gaba ya zaro naira hamsin ya sakar musu ta taga. Tayar dama ta hau cikon nasu, ta ɗan nutse, ta fita. Ta madubi na ga ƙaramin cikinsu ya bi takardar da gudu, iska na wasa da ita a bakin titi.